Ƙullutun da ya shekara biyar a huhuna ina cewa ba komai

Ni fa ba tari ne ya kaini asibiti ba, ba kuma ciwon ƙirji ba, tsakuwar ƙoda ce. Wani dare ne naji kaman ana caka min wuƙa a kwiɓina na dama, ga amai, ko miƙewa na kasa, da safe likita yace sai anyi hoton siti (CT scan) na ciki a ga abin da ke faruwa. Akayi hoton, tsakuwar kuwa tana nan 'yar mitsitsiya, bayan kwana uku ma ta fita da kanta na samu lafiya. To amma a can ƙasan takardar sakamakon akwai wani layi ɗaya da ni ban ma kula dashi ba, 'yata ce tana karantawa tace Umma menene kuma nodul a huhu? Ashe idan aka ɗauki hoton ciki na'urar tana kamo gindin huhu, a nan ne mai karanta hoton ya hango wani ɗan ƙullutu mai milimita 7 a ƙasan huhuna na dama, ya rubuta cewa a yi hoton ƙirji gaba ɗaya. Lokacin shekarata 47, ban taɓa sa taba a bakina ba, maigidana ma baya sha.

Wallahi daren nan ban runtsa ba. Na ɗauki waya na shiga intanet ina rubuta kalmar, duk inda na danna ciwon daji nake gani, har hannuna ya fara rawa na kife wayar. Bayan sati ɗaya akayi hoton ƙirjin. Shi kanshi hoton ba wani abu ba ne, za ki kwanta rigingine ki ɗaga hannuwa sama da kai, gadon ya shige cikin wani ƙaton zobe, murya tace ja numfashi, riƙe, sai kuma tace saki, ko minti biyar ba a yi ba an gama, ko allura ba a min ba. Jiran sakamakon ne aiki.

Ranar da na shiga wajen likitan huhu sai ya juyo min da kwamfutar yace Hajiya matso ki gani. Yana murza linzamin hotunan suna wucewa yanka yanka, baƙi da fari, sai ya tsaya akan wani farin ɗigo zagayayye tas, ya ɗauki fensir a tebur ya nuna min gindinsa yace faɗinsa kusan haka ne. Na fara sauke ajiyar zuciya kenan sai yace amma guda biyu ne. Gabana ya yanke ya faɗi. Ya murza zuwa saman huhun hagu, ni da farko ban ga komai ba sai da ya zagaye wurin da kibiyar, wani ɗan dushi dushi ne kaman inda aka hura numfashi a jikin madubi, har ana hango jijiyoyin jini ta cikinsa. Yace wannan milimita 9 ne, irinsa daban da na farkon. Na farkon daskararre ne, shi kuma wannan su likitoci suna ce masa girawun gilas, wato irin gilashin nan da aka dusashe wanda haske ke ratsawa amma ba a ganin mutum sosai ta ciki. Ni dai tun ranar mai hazo nake ce masa.

Ya min bayani mai tsawo kuma gaskiya yayi ƙoƙari. Yace duk wani ɗigo a huhu da bai wuce santimita 3 ba shi ake kira nodul, in ya wuce haka sunansa ya canza kuma damuwar ta fi yawa. Yace mafi yawansu ba ciwon daji ba ne, tabo ne na wata cuta da jiki ya yaƙa ya warke tun tuni, kaman tarin tibi ko wata cutar fangas da mutum ya shaƙa bai ma san yayi ba, wasu kuma 'yan kaluluwa ne na cikin huhu, wasu wani tsiro ne mara illa da ake kira hamatoma mai ɗan kitse a ciki. Daga baya na karanta wani babban bincike da akayi a Amurka akan masu shan taba da waɗanda suka sha suka daina sama da 53,000, sakamakon ya fito a 2011, a cikin waɗanda hoton siti ya nuna musu abin zargi sama da kashi 95 cikin 100 ba kansa ba ce, kuma fa waɗannan manyan mashaya taba ne. Abin da suke dubawa inji shi, girma, sai bakin ƙullutun ko sumul yake ko yana da tsinke tsinke kaman ƙaya, sai inda yake don na saman huhu ya fi jan hankali, sai ko ya daskare da kalsiyam a tsakiya ko gaba ɗaya wanda alama ce mai kyau, sai shekarun mutum da shan taba da ko akwai mai kansar huhu a dangi.

Nace to Dokta a ciro su mana a duba kawai a huta. Yayi shiru kaɗan yace Hajiya huhu ba fata ba ce da za a tsunkula, allurar da za ta kai wurin sai ta huda huhu, kuma abu mai milimita 7 ko 9 allura tana iya kuskure masa a dawo da sakamakon da ba shi da amfani, ga haɗarin iska ta zubo tsakanin huhu da ƙirji huhun ya lotsa. Yace a irin wannan girman abin da yafi shine a jira wata 6 a sake hoto, lokaci ne zai faɗa mana ko su waye. Raina bai so ba ko kaɗan, a ganina an ce min in je in zauna da abu a ƙirji ne kawai. Na kuma tambaya ko yawan hoton nan ba zai jawo min wata cutar ba, yace akwai wanda ake yi da ƙaramin hasken radiyeshin, abin da jiki zai sha a ciki bai kai wanda kowa ke sha daga ƙasa da iska da sama a shekara ɗaya ba.

Wata shidan nan bana son tuna su. Ko ƙwarewa nayi da ruwa nayi tari sai in duba hankici. Na riƙa hawa sikeli kusan kullum ina duba ko na rame. Ban faɗawa kowa ba sai maigida da 'yata da Yayana, don na san in magana ta fita kowa da abin da zai kawo min.

Da aka sake hoton, daskararren 7, mai hazon 9, babu abin da ya motsa. Alhamdulillah. Likita yace labari ne mai daɗi, sai dai ya so ace mai hazon ya ɓace, don da kumburi ne na wata 'yar cuta da a cikin watannin nan ya washe, tunda yana nan to abin sa ido ne. Ya bani ranar dawowa idan an cika shekara biyu da hoton farko.

A shekara biyun ne aka yi maganar da ta zama sanadin komai. Daskararren yana nan 7 cif. Mai hazon aka auna 10, amma takardar tace babu wani canji na a zo a gani, likita ya min bayanin cewa bambancin da bai kai milimita 2 ba basa lissafa shi girma, saboda ko mutum ɗaya ne ya auna abu ɗaya sau biyu zai iya samun haka, balle abu mai dushi da ba a ganin iyakarsa sosai, kuma yadda kika ja numfashi ranar ma yana iya canza awon. Sai ya ɗauki biro ya min lissafi a bayan takarda. Yace kansar da take daskararriya yawanci tana ninka kanta a cikin kwanakin da basu wuce 400 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka sosai, to da ace wannan na daman kansa ce, ko mai jan ƙafa ce, a shekara biyu da ya kai 10 ko 11. Tunda yana nan 7 mun sallame shi. Daga nan ne dokar nan ta cewa daskararren da ya shekara biyu bai girma ba an sallame shi ta samo asali. Sannan yace amma mai hazon bai shiga wannan dokar ba, ƙa'idar da wata ƙungiyar likitocin ƙirji mai suna Fleischner ta fitar a 2017 tace irinsa in ya kai milimita 6 ana bin sa da hoto duk bayan shekara biyu har a cika shekara biyar, don haka in dawo.

Ya faɗa, har ga Allah ya faɗa, ba zan ɗora masa laifi ba. Amma ni abin da kunnena ya riƙe kawai shine shekara biyu bai canza ba mun sallame shi. Na fito ina hawaye na kira Yaya nace an sallameni. Mutumin da ya shekara biyu da tsoro a ƙirji in ya samu kalma ɗaya mai daɗi sai ya rungumeta ya saki sauran. Bayan wani lokaci naje wajen wani likita daban akan hawan jini, cikin hira na ambaci maganar, bai ga hoto ba bai ga takarda ba yace ai duk ƙullutun da ya shekara biyu bai girma ba an gama dashi, ki manta. Ba ƙarya yayi ba, abin da ya sani ne akan daskararre, ni ce ban ce masa akwai mai hazo ba don ni kaina na daina raba su a raina. Da shekara ta huɗu ta zo ranar hoto ta wuce ina sane, nace lafiyata ƙalau, bana tari bana haki, me zan je nema. Wannan sakacin nawa ne kuma har yau yana min ciwo.

Sai a shekara ta biyar da 'yan watanni nayi wata mura mai nauyi, ta tafi ta bar min tari kusan sati huɗu. 'Yata ta tsaya kai da fata tace Umma wallahi sai kin je, ai dama akwai hoton da kika tsallake, ashe ita tana riƙe da lissafin. Wannan karon wani asibitin daban muka je. Tarin dai daga baya ya tafi da kanshi, ba shi da alaƙa da ƙullutun ko kaɗan, amma shi ya ja ni gaban na'ura. Sakamako ya fito, na dama 7, na hagu 12 kuma da ɗan daskararren wuri a tsakiyarsa, a ƙasa an rubuta a kawo tsofaffin hotuna don a gwada.

Nan fa aka shiga neman faifai. Takardun sakamako ina dasu amma likitar, mace ce wannan karon, tace ba takarda take so ba hoton kanshi take so ta gani da idonta. Muka birkice ɗaki, muka samu faifan farko cikin wata tsohuwar jaka duk ya ɗan kakkarce, na shekara biyu ma aka samu, na wata shida kuwa har yau ban san inda ya shiga ba. Ina zaune tana saka na farkon a kwamfuta yana ta ƙugi ya ƙi buɗewa, ta ciro ta goge shi da gefen rigarta ta mayar, sai gashi ya buɗe.

Ta jera su uku a allo ɗaya. Ban buƙaci bayani ba. Na farko ɗan hazo ne siriri, na biyu in ka kalle shi kusa da na farko za ka ce ɗaya ne, in ka kalli na uku kusa da na biyu za ka ce ya ɗan ƙaru, amma da ka ɗauke ido daga na farko kai tsaye zuwa na uku sai kaga abu ya fito fili, ya faɗaɗa, kuma a tsakiyarsa ga wani farin ɗigo kaman kan allura wanda da babu shi. Ta auna ɗigon tace milimita 4. Tace Hajiya kin ga wannan farin, shi ya fi damuna fiye da faɗin. Jikina yayi sanyi ƙalau, 'yata ta kamo hannuna ta ƙarƙashin tebur.

Nace amma Dokta daga 9 zuwa 12 ai milimita 3 ne kawai a shekara biyar. Tace haka ido yake gani, amma ƙullutu dunƙule yake ba layi ba, in faɗinsa ya ƙaru da kusan kashi 26 cikin 100 to cikinsa ya ninka, daga 9 zuwa 12 ya ninka har da ɗori. Ta ci gaba da cewa akwai wani nau'in kansar huhu daga dangin adinokasinoma wanda a farkonsa baya cin naman huhu, sai dai ƙwayoyinsa su riƙa bin bangon 'yan jakunkunan iska suna shimfiɗuwa a hankali, iska na nan a ciki, shi yasa a hoto yake fitowa kaman hazo maimakon farin dunƙule. Irin wannan yana iya ɗaukar shekara biyu, uku ko fiye kafin ya ninka sau ɗaya, wani ma yayi shekaru a zaune sannan ya motsa, wani kuma har mutum ya tsufa bai taɓa motsawa ba. Kuma ana yawan ganinsa a mata da waɗanda basu taɓa shan taba ba, abin da ni kuma da shi nake kwantar wa kaina da hankali duk shekarun nan. Idan daskararren wuri ya ɓullo a ciki, sau da yawa alama ce cewa ya fara kutsawa cikin nama.

Duk da haka bata yi gaggawa ba. Tace tunda na fito daga mura a jira wata 3 a sake, ko farin kumburi ne zai baje. Bai baje ba. Ni kuma na riga na karanta labarin hoton fet, wanda ake yiwa mutum allurar wani sukari mai haske ƙwayoyin kansa su zuƙe shi su haska, nace a min shi. Tace a nawa ba zai amfane mu ba, abin da bai kai milimita 8 ba hoton fet baya ganinsa da kyau, daskararren wurin nawa 4 ne, kuma irin wannan mai jan ƙafa baya zuƙar sukari sosai, zai iya fitowa shiru mu saki jiki alhali abin yana nan. Tace ta ɗaya gefen ma yana ruɗi, tarin tibi ko wani kumburi yakan haska kaman kansa.

Suka zauna akan hotunana, ita da likitan tiyatar ƙirji da mai karanta hoto da likitan kansa, sannan aka kirani da maigida. Zaɓi biyu suka shimfiɗa. Ko a ci gaba da sa ido kusa kusa, ko a shiga a yanke wurin gaba ɗaya, ya zama shine gwajin kuma shine maganin. Maganar allura sun ce wurin yana da wuyar samu kuma ko ta ciro abu mai kyau ba za su yarda da ita ɗari bisa ɗari ba. Shawararsu ta fi karkata ga tiyata tunda ya girma kuma ya canza kama. Maigida yana tsoron aikin, a mota yace min ke da lafiyarki ƙalau za ki kai kanki a yanka miki huhu, in kuma aka ciro aka ce ba komai ba ne fa? Nace Abban yara in aka ce ba komai ba ne sai in gode Allah, na riga na zauna dashi shekara biyar, ba zan iya ƙara zama ina kallonsa yana girma ba. Bai ƙara cewa komai ba, washegari shi da kanshi ya kira ya karɓo ranar aiki.

Kafin aikin akayi gwajin jini da na zuciya da na ƙarfin numfashi, wanda za a matse miki hanci ki hura cikin bututu iya ƙarfinki ana ce miki ƙara ƙara ƙara har kanki ya sara. Da safen ranar sai da aka fara kaini ɗakin siti aka sa wa wurin alama, saboda mai hazo laushi ne dashi, likita baya jin sa da yatsa kaman dunƙule, in ba alama zai sha wahalar gano shi. Ba a tsaga ƙirjin ba, 'yan ƙananan ƙofofi akayi a gefen haƙarƙarina aka zura kyamara da kayan aiki, aka cire ɗan yankin huhun da yake ciki tare da 'yan kaluluwar da ke kusa don a duba su.

Na farka da tiyo a gefen ƙirji yana zuwa cikin wata roba a ƙasan gado, in nayi tari sai ruwan ciki yayi ƙwai ƙwai. Shi tiyon nan ya fi yankan ciwo, duk numfashi sai naji shi. Nas ta kawo min wani abu mai ƙwallaye uku tace in riƙa zuƙa ina ɗaga su duk awa, ranar farko ɗaya ma da ƙyar ta motsa, kuma tun washegari suka tada ni tsaye sai nayi tafiya a baranda ina jan robar. Kwana uku aka cire tiyon, kwana na huɗu na koma gida. Kusan wata biyu gefen yana min wani irin zugi da dindiris kafin ya lafa.

Sakamakon naman ya ɗauki kwana goma. Kansa ce. Likitar bata ɓoye kalmar ba kuma na gode mata da hakan, amma nan take ta ɗora da cewa irin wadda aka kama tun tana bakin ƙofa ce, adinokasinoma mai ƙaramin kutse, wato wurin da ta shiga nama bai wuce milimita 5 ba, gefen abin da aka yanko duk tsaf yake, kaluluwa babu komai. Tace irin wannan in an cire shi duka kusan kowa yana warkewa, babu buƙatar kemo ko gasa wurin da haske, sai bibiya da hoto. Nayi kuka sosai a ofishin nan, kukan ya haɗa abubuwa da yawa, har da tunanin da tarin muran nan bai zo ba har yaushe zan kai ban koma ba.

Tun daga lokacin mutane da dama sun tambayeni, wasu a ɗakin jira muke haɗuwa, wai ƙullutun da ya daɗe bai canza ba zai iya zama ciwon daji? Ni a ƙirjina ɗaya na ga amsa biyu. Na dama daskararre ne, shekara bakwai kenan yana 7, kusan tabbas tsohon tabo ne, kuma irinsa su suka fi yawa nesa ba kusa ba, wanda nasa daskararre ne ƙarami ya shekara biyu cur a hoton siti bai motsa ba yana da dalili mai ƙarfi na kwantar da hankali, duk da akwai 'yan tsiraru masu jan ƙafa irin wanda ake kira kasinoid. Na hagu kuwa shekara biyu bata ishe shi ba. Shi yasa in mutum yace min nawa bai canza ba, abin da nake fara tambaya shine wane iri ne, daskararre, mai hazo, ko gauraye? Abin mamaki da yawa basu sani ba, an dai ce musu akwai ɗigo. Sai in ce koma ka tambaya, ka kuma tambaya da wane hoto aka gwada, na bara ko na farkon farko, don abu mai tafiyar hawainiya in kullum da na jiya ake gwada shi ba za a taɓa kama shi ba. Kuma hoton ƙirji na eksire ba ya maye gurbin siti a wannan maganar, mai hazo ƙarami sau da yawa ko fitowa baya yi a ciki. Faifan hoto kuwa a adana shi kaman takardar gida, a kwafe a ajiye wani wuri, ni saura kaɗan karce ya cinye min nawa.

Abin da bana so shine wani ya karanta wannan ya tashi hankalinsa ya je yana roƙon a yanka shi. Ita ma tiyatar ba wasa ba ce, na ɗanɗana, kuma akwai masu hazo da yawa da ake bi shekara da shekaru basa taɓa zama komai. Duk jadawalin nan ma na mutumin da aka tsinci abin a jikinsa ne kwatsam yana da shekara 35 zuwa sama, wanda ya taɓa yin wata kansar ko garkuwar jikinsa ke da rauni nasa lissafin daban ne, likitansa ne zai tsara masa. Wanda kuma ya ga jini a majinar tari, ko yana ramewa ba dalili, ko tari ya wuce sati uku ya ƙi tafiya, ko ƙirji na ciwo ba sassauci, wannan ba ya jiran ranar da aka rubuta masa, ko da jiya aka ce masa bai canza ba. Mai shan taba kuma don Allah ya nemi taimako ya daina, ita ce kan gaba wajen jawo kansar huhu, hayaƙinta ma na kusa dashi yake shaƙa.

Yanzu shekara ɗaya da rabi kenan da aikin, duk wata 6 nake hoto, an ce in an cika shekara biyu za a mayar sau ɗaya a shekara. Ina hawa bene, sai dai in nayi sauri nakan tsaya in huta a tsakiya. Satin da ya wuce naje na uku. Har yanzu daren da zan je bana bacci sosai. Likitar ta murza hoton ta nuna min layin ɗinkin a saman huhun hagu, fari siriri, babu wani sabon abu kusa dashi. Sannan ta gangara ƙasan dama, nace Dokta a gwada da na farko, tayi murmushi tace na riga na buɗe shi, ta ja awon a gabana, 7. Ta rubuta min ranar dawowa a kati, 'yata ta karɓa ta ɗauki hotonsa a wayarta kafin ta miƙo min.